Wa Ya Ba Ka Izinin Turo Mana Ruwan Gidanka?



Duk wanda ya fito sallar Asuba washegarin wancan ruwan dare na watan Agustan bara ya ga abin da muka gani. Tabarmun masallacinmu na ƙasan layi sun sha ruwa har sun yi nauyi, takalman da aka manta a bakin ƙofa sun yi tafiyarsu, sai a baranda muka yi sallah a takure. Da gari ya waye muka leƙa gidan wata baiwar Allah mai marayu huɗu da ke haya a ƙarshen layin, muka tarar tun ƙarfe biyun dare take kwalfe ɗaki da roba, katifa a jingine da bango, buhun garin da take tuwon sayarwa da shi ya zama kunu. Kowa ya zo ya jajanta. Kowa ya ce, "Allah ya kawo, sai haƙuri." Har da waɗanda ruwan ya fito daga ƙarƙashin get ɗinsu.

To, mu dai mun gaji da wannan jajen. Ruwan sama na Allah ne, babu mai musu. Amma hanyar da ya bi ya shiga ɗakin matar nan, birkila ne ya zana ta da cokalinsa, mai gida ne ya biya kuɗin simintin, kuma da rana tsaka aka yi aikin muna zaune muna kallo.

Bari mu faɗi abin da muke yi, tunda kowa ya sani amma ba mai son a ambata. Mutum Allah ya buɗa masa ya sayi gida ko ya gina. Abu na farko, a sare bishiyar da ke tsakar gida, wai tana zubar da ganye. Na biyu, a kawo tifa-tifa na jar ƙasa a ɗaga filin ya fi na maƙwabci tudu. Na uku, a malale ko'ina da kankare, daga bakin get har bayan kicin, ba a bar ko tafin hannu na ƙasa ba. A karkata daɓen gaba ɗaya ya fuskanci waje. Sannan sai babban laifin: domin mota ta shiga ba tare da cikinta ya taɓa ƙasa ba, sai a zuba gangarar kankare tun daga get har tsakiyar hanya, a bi ta kan kwata a rufe ta ruf. Mai ɗan tsoron Allah ya sa bututun roba mai inci 4 a ƙarƙashi, wanda ledar fiyawata uku ta isa ta toshe shi. Wanda ba ruwansa kuwa, ya cike kwatar da ɓaraguzan bulo ya zuba siminti a kai, shi ke nan.

Ruwan da ya taho daga saman layi ya iso nan ya tarar an rufe masa hanya. Ina zai je? Ya hau titi, ya haɗu da wanda gidan ya turo, su gangara tare su nemi ƙofar da ta fi kowace ƙasa. Maƙwabci ya ga haka, damina mai zuwa shi ma ya ɗaga nasa ya fi na wancan da bulo ɗaya. Na gaba ya ɗaga da biyu. Ku bi layinmu da ido ku gani, ƙofofin gidaje sun zama kamar matakalar bene, kowa na hawa kan ɗan'uwansa. Wanda ba shi da kuɗin tifa da siminti shi ne kududdufin unguwa. Kuma wa ke nan? Ɗan haya, da gwauruwa, da mai ɗan shagon da ƙofarsa ke daidai da titi.

Mu 'yan kasuwa ne, lissafi muka sani, to bari mu yi lissafi. Idan aka ce an yi ruwa milimita 1, ma'anarsa kowane murabba'in mita ɗaya na ƙasa ya samu lita ɗaya. Filin da muka saba saye, ƙafa 50 a ƙafa 100, kusan murabba'in mita 460 ne. Ruwa mai ƙarfi na milimita 30, irin wanda ake yi cikin sa'a ɗaya ko biyu a Agusta da Satumba, zai sauke lita 13,800 a kan wannan fili. Jarka mai lita 25 guda 552 ke nan. In kurar ɗan ga-ruwa tana ɗaukar jarka 10, ka samu kura 55. Yanzu ka ɗauka wani ya yi hayar 'yan ga-ruwa 55 ya ce su je su juye a ƙofar ɗakinka da tsakar dare. Wallahi sai an kai ga ofishin 'yan sanda. Amma da yake kwano da kankare ne suka yi aikin a madadinsu, sai mu ce ƙaddara. Layi mai gida 20, in duk sun malale, lita 276,000 ke nan a dare ɗaya, a kwatar da aka rufe a wuri biyar ko shida. Kuma nan Abuja ba Katsina ba ce. Damina tana farawa tun Afrilu ta kai Oktoba, abin da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,200. Ga Apo tudu da gangare ce, duwatsu sun kewaye mu, ruwa da gudu yake saukowa.

Ba muna cewa tsakar gida ta ƙasa za ta shanye wannan ruwa duka ba. Ba za ta shanye ba. Amma tana shan wani kaso, tana kuma riƙe sauran ya fita a hankali. Kankare kuwa ba ya shan komai, ba ya jinkirta komai. Ruwan da a da sai ya yi sa'a guda yana tsiyaya, yanzu cikin 'yan mintoci ya taru a hanya gaba ɗaya. Wannan taruwa a lokaci ɗaya ita ce ambaliya.

Mafi yawanmu a Kano ko Katsina ko Zariya ko Sakkwato aka haife mu. Ku tuna gidajen da muka tashi a ciki. Rufin azara ne da ƙasa, ruwa na sauka ta indararo. Kuma ko yaro ya san ba a kafa indararo ya zuba a jikin katangar maƙwabci, domin katangar ƙasa ce, in ta jiƙe za ta faɗi, mai unguwa kuma zai kira ka. Tsakar gida ƙasa ce, ga darbejiya ko durumi a tsakiya. Abin da ya rage ya bi ta rariya ya fita lungu, lungu ya kai shi kududdufi, wato ramin da aka haƙi ƙasar ginin unguwar tun farko. Ba injiniya ya tsara wannan ba, amma kowane ɗigo yana da inda za shi. Kada kuma mu yi wa kanmu daɗin baki, can gida ma an lalata abin. An cike kududdufan Kano da shara an yanka filaye an gina, yau ga unguwannin da ba su san ambaliya ba suna kwana a tsaye. Mun baro wancan kuskure a gida, mun zo nan mun sake shi da siminti mai tsada.

Sai ka ji mutum ya ce, "Malam, gidana ne fa. Da kuɗina na saya, abin da na ga dama zan yi a ciki." Wannan magana ita ce ta fi ba mu mamaki, domin yawancin masu faɗinta sun zauna gaban allo da littafi kamar yadda muka zauna. Wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a makarantar Islamiyya ko a zauren malaminsa, ya wuce ta babin hukunce-hukunce, inda aka hana mutum buɗe tagar da zai riƙa leƙen maƙwabcinsa, aka kuma hana shi haƙa ramin da zai cutar da maƙwabci ko da a cikin mallakinsa ne. Ko da a cikin mallakinsa, ku lura da wannan. Mallakarka ta tsaya a inda cutar da wani ta fara. Malaman mazhabar Malikiyya ba su ɗauki maganar ruwan sama ƙaramar magana ba. A ƙarni na 14 an yi wani magini a birnin Tunis ana ce masa Ibnur Rami, alƙalai na aika shi ya duba rigingimun gini tsakanin maƙwabta, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, ciki har da indararo da magudanan ruwa da wanda ke da haƙƙin ruwansa ya bi ta ina. Shekara ɗari bakwai ke nan. Mu kuma yau muna ganin in mun yi sallah a sahun farko, maganar kwata ba ta shafi addini ba. Kuma ma, ita kwatar da ka rufe da hanyar da ka zuba wa gangara, a cikin takardar filinka suke? Ɗauko takardar mu gani. Iyakarka katangarka. Abin da ke wajenta na jama'a ne, har da matar nan mai tuwo.

Wani kuma ya ce, "Ai aikin gwamnati ne. Ina FCDA? Ina AMAC? Su zo su yi mana manyan magudanai." Gaskiya ne, akwai haƙƙinmu a wuyan hukuma, kuma ba mu yafe ba. Layuka da yawa a nan ba a taɓa yi musu kwatar kirki ba, wasu mu muka yi karo-karo muka haƙa. Za mu ci gaba da rubuta takarda muna kaiwa. Amma a gaya mana, wace hukuma ce ta zo da dare ta cike kwatar ƙofar gidan Alhaji da ɓaraguzai? Ko an gina mana magudana mai faɗin da mota za ta bi ta ciki, in kowa zai toshe rabonsa, aikin banza ne.

Akwai kuma abin da ya kamata ya hana mu barci. Mun ga abin da ruwa ya yi a garin nan. A watan Agustan 2019 ruwa ya tafi da wani babban ma'aikacin kotu a shataletalen Galadimawa, da rana, a kan hanyar da dukanmu muke bi. A watan Yunin 2023 ruwa ya mamaye gidaje sama da ɗari a rukunin Trademore da ke Lugbe, har hukumar birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. Lokogoma da ke nan kusa da mu, damina nawa aka yi ana kuka da ita? Kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan irin wannan a Abuja: jan fenti a bango, sai katafila. Ranar da jami'an sashen kula da gine-gine suka shigo layi saboda ƙorafin ambaliya, ba za su tsaya tambayar wa ya fara ɗaga ƙofarsa ba. Za su bi layin ne daga sama har ƙasa, da gangarar mai laifi da rumfar mai shayi da barandar masallaci. Mu baƙi ne a nan, kada mu manta. Gbagyi muka tarar, su ma an taso da yawansu daga Garki aka tsugunar da su a Apo, sun san zafin katafila fiye da mu, kuma wasunsu a ƙasan gangarenmu suke zaune, ruwanmu a kansu yake ƙarewa. Ba mu da gatan da za mu jawo wa kanmu sunan masu toshe hanyar ruwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai ka san abin da ake yi wa naka.

Kada wani ya ce wannan ƙauyanci ne, wai gidan zamani sai da kankare. A Ingila, bayan ambaliyar da suka sha a 2007, sun sauya doka a 2008: duk wanda zai malale gaban gidansa fiye da murabba'in mita 5 da abin da ruwa ba ya ratsawa, sai ya nemi izinin hukuma, sai fa in ya shirya ruwan ya zuba a ƙasar da za ta sha shi a cikin gidansa. Murabba'in mita 5, ko wurin ajiye mota ɗaya bai kai ba. Mutanen da muke kwaikwayon gidajensu ke nan.

To mene ne abin yi? Ba mu ce kowa ya koma taka laka ba, mu ma muna da mota, mun san wahalar damina. Abu mafi gaggawa shi ne kwata. Duk wanda ya rufe ta ƙofar gidansa ya fasa ya buɗe ta, faɗinta da zurfinta su zama daidai da na sama da na ƙasa da shi. Sannan a rufe da falankan kankare masu rodi waɗanda mutum biyu za su iya ɗagawa a yashe a mayar, ko a sa mai walda ya yi ragar ƙarfe mai kauri. Mota za ta bi ta kai lafiya lau. In get ɗinka ya yi tudu da yawa, gangarar ta fara daga bakin kwata ta yi ciki, ka ci tudun a cikin filinka. Hanya ba taka ba ce.

Ruwan da ke gangarowa ta kan daɓe ya fita ta ƙarƙashin get kuwa, maganinsa ba wuya. A sa injin yanka ya tsaga kankaren a gicciye, daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, a yi ɗan lambatu mai faɗin taƙi ɗaya, a rufe da raga, a ba shi mafita zuwa cikin kwata. Ruwan zai faɗa ciki kafin ya kai titi. Wanda kuma bai riga ya zuba kankare ba, ya tsaya a kan birkilansa ya ga an auna karkata da tiyon ruwa, ba da ido ba. Saukar inci ɗaya a kowace ƙafa huɗu ta isa, kuma a karkata shi gefe, wajen da aka bar ƙasa, nesa da jikin gini. Mota tayoyi huɗu gare ta a layi biyu. Zirin kankare biyu sun ishe ta, tsakaninsu da gefensu a zuba tsakuwa. Siminti ya ragu, kuɗi ya ragu, zafin da daɓe ke fesowa cikin ɗaki a watan Maris ya ragu. Masu son intalok su sani, in an shimfiɗa shi a kan yashi da tsakuwa yana barin wani abu ya ratsa, amma in an zuba kankare a ƙarƙashinsa, ado ne kawai.

Sai rufin kwano, wanda shi ne ke tara mafi yawan ruwan. Nan ne abin dariyar yake. A watan Agusta muna korar ruwa da tsintsiya muna tura wa maƙwabci, a watan Fabrairu muna tsaye a bakin get muna jiran ɗan ga-ruwa muna cinikin jarka. Rufi mai murabba'in mita 150 yana karɓar lita 180,000 a shekara ko fiye. Sa masa mazurari a bakin kwano, ka ja bututu zuwa tanki. Ka bar ruwan farko ya wanke ƙura ya zube, sauran ya yi wanki da wanke-wanke da bayi, a rufe tankin saboda sauro. In ya cika, rarar ta tafi wani rami da ka haƙa ka cika da duwatsu, can nesa da harsashin gini kamar mita 5, nesa kuma da katangar maƙwabci. Amma a gwada ƙasar tukuna, domin wasu wurare a Apo ba ka yi nisa da haƙa ba za ka ci karo da dutse. Haƙa ɗan rami, ka cika shi da ruwa, ka dawo gobe. In ya tsotse, ƙasarka za ta yi. In yana nan, to ka ja rarar zuwa kwata. Kuma don Allah kada a haɗa ruwan sama da ramin bayi, mun ga gidan da aka yi haka, abin da ya biyo hanya ba ya faɗuwa a mujalla. Masu bohol ma su yi tunani: ruwan da kuke zuƙowa daga ƙasa, ta ina kuke so ya koma in kun rufe fuskar ƙasar duka?

Birkilolinmu, ku ma da ku muke. Kun fi mai gida sanin inda ruwa zai bi. In ya ce ku cike kwata, ku gaya masa gaskiya, in ya ƙi ku zo ku faɗa wa kwamitin unguwa. Masu haya kuma, mun san ba ku da ikon fasa komai, amma kuna da baki, kuma sharar da ake juyewa a kwata in hadari ya haɗo, wai ruwa ya tafi da ita, ba mai gidan da ke zaune a Maitama ne ke juye ta ba. Ruwan da ya kwanta a bayan toshiya mako guda zuwa kwana goma ya ishi sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi, kuma ba ya tambayar wa ke da takardar gida kafin ya ciji yaro.

Kafin wani ya tare mu a bakin masallaci ya ce Liman ya manta da nasa, ba mu manta ba. Shekarun baya da muka sayi 'yar motar ɗaukar kaya, mu ma mun zuba gangara a ƙofar gidanmu, da bututu mai inci 4 a ƙarƙashi, muna ganin mun yi dabara. Ranar da muka tsaya a ɗakin matar nan muna kallon katifarta, mun san akwai jarkokinmu a cikin ruwan da take kwalfewa. Mun je mun nemi afuwarta, mun biya buhun garin, amma wannan bai buɗe kwata ba.

Saboda haka ranar Asabar ta farkon wata mai kamawa, bayan sallar Asuba, kwamitin unguwa da matasa za su bi layi daga sama zuwa ƙasa da bokiti. A kowace ƙofa za a zuba ruwa a kwata ta sama a ga ko ya fito ta ƙasa. Inda bai fito ba, za a yi wa mai gida sallama a ba shi wata guda, tun kafin hadarin Afrilu. Wanda ba shi da hali ya faɗa, akwai birkila biyu da mai walda ɗaya da suka ce za su yi aikin a kan kuɗin kaya kawai. Daga ƙofarmu za a fara, mun riga mun ari guduma.